Zancen Gida: 'Yar Bora A Ƙasashe Uku



A makarantarmu nan Doguwa mun ce wa yara kowa ya je gida ya roƙi kakarsa tatsuniyar Ruwan Bagaja. Da suka dawo, sai muka ga bakinsu bai zo ɗaya ba. Duk sun yarda 'yar Mowa ce ta ɓata shimfiɗa, aka ɗora wa 'yar Bora, aka kore ta ta je ta wanke a ruwan Bagaja. Amma wani ya ce tsohuwa ta tarar, ta cuɗa mata baya. Wata ta ce a'a, cinya da kare ta tarar. Har gardama ta tashi. Muka ce su kwantar da hankali, babu wanda kakarsa ta yi ƙarya. Tatsuniya kamar miya ce, kowane gida da hannunsa.

Wannan labari ba namu ne mu kaɗai ba. A Faransa, wani mai suna Charles Perrault ya buga irinsa a 1697. Yarinya ta shayar da tsohuwa a bakin ruwa, sai aka yi mata baiwa, in ta yi magana furanni da duwatsu masu daraja su zubo daga bakinta. Yayarta ta je ta yi rashin kunya, ta dawo tana zubar da kwaɗi da macizai. A Jamus kuma, cikin littafin 'yan'uwa biyu, su Grimm, wanda ya fara fitowa a 1812, yarinyar rijiya ta faɗa. Ta yi wa tsohuwa hidima, aka lulluɓe ta da zinariya. Malalaciyar kuwa kwalta aka kwara mata.

To, a ina suka bambanta? A wurin wanda ake ɗora wa laifi. A na Faransa, uwar da ta haife su duka biyu ce ta fifita ɗaya. Su Grimm sun fi jingina mugunta ga matar uba. Har ma akwai labarinsu na Snow White, wanda a bugun 1812 mahaifiyar yarinyar ce muguwar, amma a bugun 1819 suka mayar da ita matar uba. Namu kuwa tun daga sunayen ya tona asiri. Ai ba a samun Bora da Mowa sai maigida ya so wata ya ƙi wata. Kafin yara su yi laifi, manya sun riga sun raba gidan.

Abin da ya sa muka kawo zancen ke nan. Gidajenmu da yawa akwai maraya, ko agola, ko 'yar riƙo. In muna ba da wannan tatsuniya da dare, kowane yaro a kan tabarma ya san ko shi wane ne a ciki. Wa ake tasa ɗebo ruwa da asuba? Wa ake fara saya wa littafi? In tulu ya fashe, sunan wa ake fara kira?

Kada mu daina tatsuniya. Wanda ya manta, ya nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Amma in an kai ƙurunƙus, mu tambayi yara wa ya fara laifi. Sa'an nan mu daure mu saurari amsarsu.

Sai wata mai zuwa.