Na'urar ƙara wa totur kaifi: a hanyar Bagega, maɓallin Eco ne kawai ke da amfani

A TikTok ana yawan nuna wata 'yar na'ura da ake jonawa a ƙarƙashin totur, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, a danna Sport, sai mota ta zabura. Pedal Commander da Sprint Booster na cikin sanannu. Masu talla kan bar mai kallo ya ɗauka ƙarfin inji ne ya ƙaru, alhali ko kaɗan bai ƙaru ba.

A yawancin tsofaffin Golf da ke lodi a tashoshin Anka da Gummi, wayar ƙarfe ce ke jan maƙogwaron inji, don haka na'urar ba ta da wurin shiga. Motocin baya-bayan nan kuwa, irin Hilux da Corolla, sensa ce ke auna yadda aka taka, ta aika wa kwamfutar mota, ita kuma ta yanke hukunci. Na'urar tana tsayawa ne a tsakani tana ƙara wa saƙon gishiri: direba ya taka kaɗan, ta ce ya taka rabi. In ya take har ƙasa, abin da injin ke da shi tun daga kamfani shi zai bayar.

Wannan zabura tana da daɗi a kwalta. Hanyar Anka zuwa Bagega da damina wata magana ce daban. Cikin taɓo, taya tana son a lallaɓa ta, kuma totur mai kaifi shi ke sa ta juya a wuri ɗaya har mota ta kafe, a yankin da ba wanda ke son yamma ta yi masa a daji. Ga mai, wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 ba a wasa da shi.

Akwai kuma haɗarin ta bogi. Totur na aika saƙo biyu don kwamfuta ta gwada su. Da zarar sun saɓa, sai ta kunna fitilar gargaɗi ta rage ƙarfin mota, kuma mai na'urar binciken kwamfuta sai an nemo shi daga gari.

Wanda ya riga ya saya, ya bar ta a Eco, inda totur ke laushi. Wanda bai saya ba, ya fara duba gaban motarsa, domin da yawa sun zo da wannan maɓallin kyauta. Mota mai nauyin tashi a ƙurar Zamfara, sau da yawa filtar iska ce ta toshe.