Yaranmu na Legas da gaisuwar kaka

Jama'a, akwai abin da ke damuna, kuma na san ba gidana kaɗai ba ne. Ranar Sallah na kira mahaifiyata a Katsina, na miƙa wa ɗana mai shekara 5 waya ya gaishe ta. Hajiya tana ta "Maigidana, ina goron Sallata?" yaro ya yi tsuru-tsuru, can ya amsa mata da buroka. Ta yi dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Laifin ba na yaron ba ne. A makaranta Turanci ake yi masa, a layinmu nan Agege Yarbanci da buroka yake ji. Wurin da ya rage wa Hausa shi ne cikin gida, mu kuma a nan ɗin muke ta lanƙwasa harshe, wai don ya yi saurin gane boko. A ganina mun yi kuskure. Ƙaramin yaro yana iya ɗaukar harshe biyu ko uku lokaci guda. Ku dubi dattawan Sabo na Ibadan: can aka haife su, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, amma Hausarsu tana nan daram.

Ban ce a hana yara Yarbanci ba, ai da shi za su ci kasuwa gobe.

Yanzu a gidana bayan magariba kowa ajiye waya yake yi, uwarsu ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Duk Juma'a kuma mu kira Hajiya. Makon jiya ya iya ce mata "lafiya lau", sauran sai a hankali.