Google Ba Ɗan Gari Ba Ne

Wata aƙida ta kama masu motocin gida a 'yan shekarun nan, musamman 'yan boko da matasan da suka tashi da waya a hannu, wai zamanin tambayar hanya ya wuce. Mutum zai tashi daga Abuja zuwa ɗaurin aure a garin da bai taɓa takawa ba, ka ce masa ya biya ta tasha ya ji halin da hanya take ciki, sai ya dube ka kamar ka ce ya ajiye motar ya hau jaki. Amsar kullum guda ce: "Ai akwai Google Maps." A wurinsu, ka tsaya ka sauke gilashi ka yi sallama ka yi tambaya ƙauyanci ne. Ni kuwa ina ganin wannan aƙida, a ƙasar nan kuma a irin wannan lokaci, ganganci ce da ke iya cin rai.

Abubuwa biyu ne mutane ke cakuɗawa. Na farko shi ne GPS, wato taurarin ɗan Adam na rundunar sojan Amurka. An harba na farkonsu a 1978, tsarin ya kammala a 1995, kuma yanzu kimanin talatin ne ke zagaya duniya a nisan kilomita 20,000 da ɗoriya. Wayarka tana sauraron aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa inda kake tsaye, ba ta bukatar data ko katin kira. Tun watan Mayun 2000, da Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina gurɓata wa farar hula siginar da gangan, kuskurenta ya koma 'yan mitoci. Da wannan ba ni da ja. Ɗigon nan shuɗi da ke nuna inda kake a taswira gaskiya yake faɗa maka.

Amma muryar da ke cewa ka karya dama, ka miƙe kilomita tamanin, ba daga sama take zuwa ba. Lissafin kwamfutar kamfani ne, wanda aka gina a kan hotuna, da abin da mutane suka shigar, da saurin wayoyin da ke tafiya a kan titi. Babbar tambayar da aka koya mata amsawa ita ce: wace hanya ce ta fi sauri? Shin wannan ce tambayar farko da matafiyi ke yi a Arewa yau?

A farkon 2020 wani mai fasaha a Berlin, Simon Weckert, ya nuna wa duniya yadda ya zuba wayoyi 99 a 'yar kura ya ja su a hankali a kan titin da babu kowa. Nan take titin ya yi ja a taswirar Google, alamar cunkoso. Duniya ta yi dariya ta wuce. Mu ya kamata mu juya labarin ta ɗaya gefen, domin nan haɗarinmu yake. Idan tarin wayoyi ne ke nufin cunkoso, to titin da mutane suka ƙaurace wa fa? A idon taswira wannan shi ne titi mafi kyau: babu ja, babu jinkiri, sai ka taka mota. Direban haya kuwa da ya yi minti goma a babbar hanya bai gamu da mota ko ɗaya tana tahowa ba, gabansa faɗuwa yake yi. Zai rage wuta, ya kashe rediyo, ya gangara gefe a ƙauye na farko ya jira. Yana duba ko masu rake da masu fura na bakin titi suna nan ko sun tattara. Yana duba ko motar da ta ɓullo daga ƙarshe ta walƙa masa fitila, ko direbanta ya fito da hannu yana yi masa alamar ya juya. Fasinja na gunaguni, shi kuwa ko a jikinsa. Shirun da taswira ke yi wa murna shi ne abin da ya tsayar da shi.

Sannan a tuna da Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. A wuraren da suka fi ko'ina haɗari, taswira ba ta samun sabon labari ko na waya guda. Duk da haka layin hanyar yana nan a zane, lafiya lau.

Ɗauki tafiya daga Kaduna zuwa Ilori. A takarda, hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina da Mokwa ita ce miƙaƙƙiya, ita ce kuma tsohuwar hanyar Legas. Shekara da shekaru direbobi suka gwammace su yi dogon zagaye su ƙona ƙarin mai saboda 'yan bindiga. Akwai lokutan da hanyar ke lafawa a koma binta, akwai lokutan da take sake rikicewa, kuma labarin sauyin yana isa tashar Mando kafin ya isa ko'ina. Hanyar lafiya, in ji Bahaushe, a bi ta da shekara. Babu wani maɓalli a wayarka da ke nufin haka. Za ka iya ce mata ta kauce wa inda ake biyan kuɗin titi, ko ta kauce wa jirgin fito, amma ba za ka iya ce mata ta kauce wa daji bayan la'asar ba.

Lokaci ma wani abu ne. Taswira tana gaya maka ƙarfe nawa za ka isa, ba ta gaya maka ko akwai ƙofar da za ka tarar a rufe. A daren 9 ga Fabrairun 2020, matafiya suka isa Auno a hanyar Damaturu zuwa Maiduguri bayan sojoji sun rufe shingen shiga gari. Suka kwanta a motocinsu suna jiran wayewar gari, Boko Haram ta afka musu, aka kashe aƙalla mutum 30. Allah ya jiƙansu. Ban ce waya ce ta kai su ba. Abin da nake nunawa shi ne, a wasu hanyoyinmu jinkirin rabin awa yana iya zama mutuwa ko rayuwa, kuma wannan ilimi a bakin direbobi yake.

Ga damina. A 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta rufta. A Oktoban 2022 ruwa ya shanye titin Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Karfe, tankoki suka yi kwanaki a tsaye har mai ya yi wuya a Abuja. Waɗannan manya ne, sun shiga labarai. Ƙananan kwalbatocin da ruwa ke ɗauke wa cikin dare a hanyoyin ƙauye fa, wa zai shigar da su? Kada ma a ce matsalar ƙasa mai tasowa ce. A jihar North Carolina ta Amurka wata gada ta rufta a 2013, a 2022 wani magidanci ya faɗa ta wurin da motarsa cikin dare ya rasu, iyalinsa suka kai Google ƙara suna cewa taswirar ce ta bi da shi, kuma mazauna wurin sun sha kai rahoto ba a gyara ba. A Nuwamban 2024 mutum uku suka mutu a Indiya, a yankin Bareilly, da suka hau gadar da ambaliya ta cinye wani ɓangarenta. Idan gada za ta yi shekara tara a karye a ƙasar da kamfanin yake, me ya sa kake tsammanin ya san da kwalbatin garinku?

Masu kare wannan aƙida za su ce ai ana gyarawa. Ana gyarawa mana, amma ga wa? A 2023, bayan an kai wa baƙi 'yan yawon buɗe ido hare-hare a unguwar Nyanga kusa da filin jirgin saman Cape Town, hukumomin birnin suka zauna da Google, aka daina bi da masu mota ta wurin. Kuɗin yawon buɗe ido ne ya yi magana. Mu wa zai zauna da su a kan hanyar Gusau zuwa Ɗansadau?

Ko sunayen garuruwanmu ma sun ishi na'ura ruɗewa. Tudun Wada akwai ta a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Jos, a Kano kuwa har biyu: unguwa a cikin gari da ƙaramar hukuma can hanyar dajin Falgore. Sabon Gari da Sabon Gida da Nasarawa ba sa ƙirguwa. Ka danna na farko da ya fito, ka kama hanya da ƙarfin gwiwa.

Na san abin da za a mayar mini da shi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mutane ma suna ɓatar da matafiyi. Wa bai san "nan gaba kaɗan ne" ɗin mutumin ƙauye ba, wanda ke iya zama tafiyar awa guda? Akwai kuma wanda kunyar cewa bai sani ba za ta sa ya nuna maka gabas alhali yamma za ka. Mafi muni, a wasu wurare wanda ka tsaya tambaya a bakin daji yana iya zama mai kai wa ɓarayin rahoto. Shi ya sa ban ce a tambayi kowa ba. Tasha na ce. Direban da ya shigo tashar Unguwa Uku ko ta Kawo da hantsi, hanyar da za ka bi ita ya baro yanzun nan, kuma gobe da asuba ita zai koma da ransa da motar da yake ci da iyali. Idan ka ce masa, "Direba, yaya hanya?" ya ce, "Lafiya lau, Alhaji, amma kada ka bari magariba ta same ka bayan gada," ya ba ka abin da babu kamfanin da ke sayarwa. Ɗan kamasho ma ya san motar da ta makara jiya da dalilin makararta.

A cikin Abuja ko Legas, inda tituna ke da suna kuma wayoyi suka yi yawa, taswira tana aiki sosai, ni ma da ita nake neman ofis ko asibiti. Tura wa iyali inda kake a kan hanya ma dabara ce mai kyau. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutum zai zuba maƙudan kuɗi a sa masa ƙaton allo a gaban mota, ko ya riƙa alfahari da na'urar da ta zo da motarsa 'yar Kwatano, wadda taswirar Jamus ce a cikinta, amma ya kasa sayen ɗan mariƙin waya. Sai ka gan shi hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da waya, ido a ƙasa, ga tirela na tahowa. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana kama mai riƙe waya yana tuƙi, kuma a nan tana da gaskiya. Mariƙi, da caja, da sauke taswirar yankin tun a gida saboda inda babu sabis, sun wadatar.

Hukumar FRSC da ƙungiyar direbobi ta NURTW suna da mutane a kusan kowace babbar hanya. Babu abin da zai hana su haɗa kai su riƙa sanar da halin hanyoyi kowace safiya a gidajen rediyon jiha, da Hausa, kamar yadda ake karanta farashin hatsi. Kafin su yi, kai mai karatu da ke shirin doguwar tafiya, tashi da wuri, ka biya ta tasha ka tambayi direban da ya iso yau, ka karɓi lambar wayarsa. Idan maganarsa ta saɓa da ta taswira, bi tasa.