Ana Gardamar Harajin Zinariya, Saniya Ce Ke Biya

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi nan Kilomita Biyar, ya san gardamar da ake tayarwa kullum bayan la'asar a kan aikin gwamnatin Shugaba Touadéra. Magoya bayan jam'iyyar MCU su ce tun hawansa mulki cikin 2016 ƙasa sai gaba take yi: an ƙwato garuruwa daga hannun 'yan tawaye a 2021, an yi sabuwar dokar ma'adinai a 2024, kuma cikin Nuwamban shekarar aka ɗage takunkumin da ƙungiyar Kimberley ta ɗora wa lu'ulu'unmu tun 2013. 'Yan hamayya kuwa su ce an miƙa ramukan zinariya ga baƙi, harajin ba ya isa baitulmali, an kuma sauya tsarin mulki a 2023 don mutum guda ya zarce.

Mun saurari kowane ɓangare, kuma kowannensu yana da 'yar gaskiyarsa. Abin da ya dame mu shi ne har shayi ya huce ba wanda ke ambaton saniya, alhali kuwa ita ce ke biyan abin da dutse ya ƙi biya.

Bari mu tuna baya kaɗan, domin yaranmu ba su san wannan ba. Zamanin Janar Bozizé harajin fitar da lu'ulu'u kashi 12 ne cikin ɗari, ya fi na maƙwabta nesa ba kusa ba. Cikin Oktoba 2008, lokacin Sylvain Ndoutingaï na ministan ma'adinai, hukuma ta rufe mafi yawan ofisoshin sayen lu'ulu'u, ta ƙwace duwatsu da kuɗi daga hannun masu saye, waɗanda da yawansu mutanenmu ne na Berbérati da Carnot da Boda da Bria. Aka ce za a tsabtace sana'ar. Me ya biyo baya? Dutsen ya daina zuwa ofis, ya koma bi ta Gamboula yana tsallakawa Kamaru, wani ya bi ta Sudan. Mahaƙa suka rasa masu ba su jari, wasu suka ɗauki bindiga. Wannan ɓacin rai yana cikin abin da ya hura wutar Seleka da ta shigo Bangi a Maris 2013, kuma ba sai mun gaya wa mutanen wannan unguwa abin da muka gani a 2014 ba.

Lu'ulu'un da zai sayi garke guda, mutum na iya ɗinke shi cikin kafin hula ya wuce shinge goma yana murmushi. To, wa zai ɗinke bijimi cikin hula? Falken da ya ɗauko shanu daga Kaga-Bandoro ko Bambari zuwa tiken Bouboui, kilomita 45 a kan hanyar Boali, kowa na ganinsa tun daga nesa. Zai biya na likitan dabbobi, ya biya na gunduma, ya biya na FNEC, mahauci ya biya na mayankar SEGA. Waɗannan duk da takarda, kuma ba mu ƙi su ba. Amma tsakanin takarda da takarda akwai shingayen da ba sa ba da rasit. Masu bincike na cibiyar IPIS ta Beljiyam sun ƙirga shinge kusan 300 a ƙasar nan cikin 2017, suka kuma nuna hanyar shanu na cikin manyan wuraren da 'yan bindiga ke tatsa. Mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: UPC da 3R, da suka ce don kare makiyayi suka tashi, ba su taɓa barin garke ya wuce kyauta ba. Tiken Kilomita 13 da muka sani tun muna yara shi ma rikicin 2014 ya ci shi, tafiyarmu ta ƙara nisa, kuɗin mota ya hau kan kowace saniya.

Yanzu mu dubi manya. Ramin zinariya na Ndassima yana arewa da Bambari, cikin jihar Ouaka inda gundumar makiyaya ta Ouro-Djafoun take. Da can kamfanin Axmin na Kanada ke da lasisinsa. Aka soke shi a 2019, aka bai wa Midas Ressources a 2020, kamfanin da Amurka ta sa wa takunkumi a 2023 bisa zargin alaƙa da Wagner na Rasha. Mai goyon bayan gwamnati zai ce ai 'yan Rasha sun tare mana Bangi lokacin da kowa ya juya baya. To, mun ji. Amma ko wanda ya tsamo ka daga rijiya, in ya zo sayen sanka ai sai an yi ciniki a gaban shaidu. In kamfanin yana biyan haraji, a karanta adadin a Rediyo Ndeke Luka da Sango da Fulatanci da Hausa, kilo nawa ya fita, sefa nawa ta shigo. Mai gaskiya bai rasa komai da wannan.

A Bozoum kuma, cikin 2019, kamfanonin 'yan Sin guda huɗu suka karkatar da kogin Ouham suna neman zinariya, suka bar ramuka da ruwa mai laka. Wani limamin Katolika, Fada Aurelio Gazzera, shi ya ɗauki hotuna ya tona, har 'yan majalisa suka je suka gani da idonsu, aka kuma sami zaiba a ruwan. Wanda bai taɓa kora garke da rani ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mashaya guda in ta lalace, sai ka ƙara yini biyu kana neman wata, hanyar kuma ta cikin gonakin rogo ta bi. Daga nan sai faɗa da manomi, sai diyya, sai a ce Bafillace ne mai tsokana. Ramin da aka bari buɗe, damina ta cika shi da ruwa, maraƙi bai san zurfinsa ba.

Kada 'yan hamayya su ɗauka mun koma rumfarsu. Anicet-Georges Dologuélé ya yi firayim minista daga 1999 zuwa 2001, Martin Ziguélé ya gaje shi har 2003, a daidai shekarun da zargina ke sace 'ya'yanmu muna sayar da shanu muna fanso su. Shi kansa Touadéra shi ne firayim minista ranar da aka rufe ofisoshin nan a 2008. Wato duka sun zauna kan kujerar, ba baƙo a cikinsu. (Maganar kuɗin intanet na Sango da aka zo da ita a 2022, aka ce da ita za a sayar da arzikin ƙarƙashin ƙasa, ba za mu ɓata takarda a kanta ba.)

Ra'ayinmu a fili yake. A sassauta wa ƙaramin mahaƙi mai shebur da kwano, don ya kawo dutsensa ofis da ƙafarsa. Mai katafila da injin wanke ƙasa kuwa ya biya cikakke, ba yafiya, ya kuma ajiye kuɗin cike rami tun kafin ya fara tono. Kada a sa hannu a lasisin da ya hau burtali ko mashaya ba tare da an kira Arɗo da magajin gundumar ba. Daga abin da aka tara a ware rabon rijiyoyi da allurar ciwon huhu a gundumomin makiyaya, irin su Niem-Yéléwa da Koui da Pombolo.

Mu ma da namu aikin. Muna roƙon kowane falke, daga wannan tafiyar, ya adana rasit ɗin da aka ba shi, inda ba a ba shi ba ya sa yaro ya rubuta sunan shingen da ranar da abin da ya biya. A kawo mana su ofishin ƙungiya kafin shanu su juya arewa da faɗuwar ruwa, mu haɗa lissafin saniya guda daga ruga zuwa Bouboui, mu kai wa 'yan majalisa na kowace jam'iyya su ajiye kusa da na Ndassima.