FILIN MAGATAKARDA: A raba taga, a ga bashi da biya tare

Kaka ta yi, lokacin biyan bashin hatsi ya zo. A bankin hatsi na ƙauye, magatakarda ne ke riƙe da sunayen waɗanda suka ɗauki hatsi da damina. Yau wasu ƙungiyoyin manoma sun bar rubutu a littafi, suna ajiye lissafinsu cikin kwamfuta. Mafi yawa suna aiki da Excel, wanda kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da shi a 1985. Akwai kuma LibreOffice Calc, wanda ake samu kyauta.

Takardar lissafi ta kwamfuta kamar gona take mai kunyoyi. Akwai layukan kwance, ana ƙirga su 1, 2, 3. Akwai layukan tsaye, ana kiran su A, B, C. Inda biyu suka haɗu, nan ne gida guda, cikinsa ake rubuta suna ko adadi. Takarda guda ta Excel tana da layin kwance 1.048.576. Amma gilashin kwamfuta ƙarami ne. Abin da yake nunawa a lokaci guda bai cika wuce layi 30 ba.

Nan ne matsala take. Misali, ƙungiya tana da mutum 300. Sunaye suna layin A, can hagu. Bashin watan Yuni yana kusa da sunaye. Biyan watan Nuwamba yana can nesa, hannun dama. In magatakarda ya tura takarda don ya ga biya, sai sunaye su ɓace. Ido ya zame daga layi 84 zuwa layi 85. Sai a ce mutumin da ya kawo tiya 20 bai kawo komi ba. Wanda bai biya ba kuwa ya tsira. Irin wannan kuskure yana ɓata zumunci, yana kuma kashe banki.

Maganin abin shi ne raba taga. Ga yadda ake yi a Excel na Faransanci:

1. A kai linzamin kwamfuta kan gida, a danna sau ɗaya.
2. A buɗe wurin da aka rubuta Affichage, can sama.
3. A danna Fractionner.

Nan take sanda za ta ratsa gilashi. Sandar tana fitowa sama da gidan da aka zaɓa, da kuma hagunsa. In gidan yana layin kwance na 1, taga ta rabu biyu, hagu da dama. In yana layin A, ta rabu sama da ƙasa. In yana tsakiya, ta rabu huɗu.

Don bashin hatsi, rabon hagu da dama ya fi. Sunaye da bashi su tsaya hagu. A tura ɓangaren dama har biyan Nuwamba ya zo dab da su. In aka gangara ƙasa, ɓangarorin biyu suna gangarawa tare, layi ba ya saɓawa. Rabon sama da ƙasa yana da nasa amfani. Makiyaya za su iya ajiye kuɗin dusa na bara a sama, na bana a ƙasa, su gwada.

A lura da abu guda. Takardar ba ta zama biyu ba. Ita ɗaya ce, ana leƙa ta ta taga biyu. Abin da aka goge a hagu ya gogu ko'ina. Saboda haka a adana aiki kafin a taɓa komi. In an gama, a sake danna Fractionner, sandar ta tafi, lissafi yana nan yadda yake.

Ranar biya, ya kamata magatakarda ya juyo gilashi wajen jama'a. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya karanta sunansa, ya ga bashinsa, ya ga biyansa a layi guda. Gani ya kori ji. Kuma kada a yar da littafi. Ranar da babu wuta, shi ne shaida.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai yi bayanin yadda kwamfuta ke tara jimilla.