ZANCEN IYALI: Gigin Tsufa Ciwo Ne, Ba Maita Ba

A wannan wata zancenmu na tsofaffi ne. A ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, har ƙauyuka irin su Gumbin Kure, da wuya a sami unguwar da ba ta san irin tsohuwar nan ba, wadda za ta ci tuwo yanzu, an jima kaɗan ta ce tun jiya ba a ba ta kome ba. Takan kira jikarta da sunan ƙanuwarta da ta rasu tun da daɗewa. Da almuru ta ɗaure ƙunshinta ta ce za ta gida, alhali a ɗakinta take. In tana da 'ya'ya maza a tsaye, sai a ce gigin tsufa ne, a yi haƙuri. In kuwa gwauruwa ce wadda ba ta da kowa, aka tsince ta da dare a bayan gidan wani, sai a ce mayya ce. A tambaye ta ko ita ta kama yaron da ke kwance, ta ce i, gama ba ta ma san abin da ake tambayarta ba.

Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Tsufa kaɗai ba ya kawo shi, shi ya sa yawancin tsofaffinmu suke kai ƙarshen kwanakinsu da hankalinsu garau. A shekara ta 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya ba da labarin wata mace da ta fara ruɗewa tana wajen shekara 50. Bayan ta rasu ya duba ƙwaƙwalwarta, ya tarar wani abu ya taru ya daskare a ciki, ƙwayoyinta da yawa kuma sun mutu. Ciwon da ake kira da sunansa shi ne 60 zuwa 70 cikin 100 na masu gigin tsufa. Na biyu a yawa daga jijiyoyin jini yake. Suna toshewa ko su fashe kaɗan kaɗan, wani lokaci da shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci a ɓoye. Ba a ɗaukarsa a ƙwarya ko a tabarma, wanda ake gāda kai tsaye daga iyaye kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi, fiye da 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma mata sun fi yawa. A nan arewa, likitoci sun duba tsofaffi a Zariya, suka buga sakamakon a 2011: kusan mutum 3 cikin 100. Daga shekara 65 zuwa sama, haɗarin yana ninkawa kusan kowace shekara 5. Watau yadda mutanenmu suke ƙara tsawon rai, haka masu ciwon za su ƙaru a gidajenmu.

Binciken da ya fi ba ni tunani shi ne wanda aka buga a 1995. An gwada tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙar fata a birnin Indiyanafolis na Amurka, waɗanda kakanninsu da yawa daga Afirka ta Yamma aka kwashe su. A Ibadan aka sami wajen 2 cikin 100, a can kuwa 8. Masu binciken sun lura hawan jini da ciwon sukari da kitsen jini sun fi yawa wurin na Amurka. Ashe ba jinin kakanni kaɗai ke magana ba, har da irin zaman da mutum ya yi. To, mu ma ga shi gishiri da ɗanɗano sun cika tukunya, lemon kwalba ya shiga kowane biki, wanda dā yake zuwa fadama da ƙafa yanzu babur yake hawa.

A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14, ya ce da za a kawar da su, da an hana ko an jinkirta kusan 45 cikin 100 na ciwon. Da yawansu a hannunmu suke, kuma tun mutum yana shekara 40 suke fara aikinsu. Hawan jini ba ya kuka, sai an auna. Wanda yake zuwa cin kasuwar Jega ya iya ratsewa asibiti a ɗaura masa abin awo, ba ya ɗaukar minti biyar. In an ba ka magani, kada ka daina don ka ji sauƙi. Akwai taba da giya, da bugun kai. Ku dubi samarinmu masu kabu-kabu a hanyar Aliero, buhun albasa a baya, kai ba hular kwano. Masu ɗorin Aliero sun yi suna wajen gyaran ƙashi, amma ƙwaƙwalwa ba ta ɗoruwa.

Kurumta da yanar ido su ma suna cikin lissafin, haka nan zaman kaɗaici. Tsohon da ba ya ji, ba ya gani, a hankali a daina sa shi a hira, ya koma zaure shi kaɗai. Yanar ido ana cire ta a asibiti. Kaɗaici kuwa maganinsa ƙafafunmu ne, ina tuna wa zumuntar mata da matasan ekklesiya. A matsayina na malami ba zan tsallake wannan ba: rashin karatu tun yarinta yana cikin abubuwan nan 14. Mai cire 'yarsa daga makaranta ya sani lissafin yana iya biyo ta har tsufanta.

Abu ɗaya kuma ku riƙe. Gigin tsufa a hankali yake shiga, cikin watanni da shekaru. In tsoho yana lafiya jiya, yau ya tashi bai san kowa ba, wannan wani abu ne dabam, wataƙila zazzaɓi ne, ko ciwon fitsari, ko sukari, ko wani maganin da ya sha, kuma sau da yawa ana warkewa. Ku kai shi asibiti a ranar. In ruɗewar ta daɗe, ku nemi likita a Birnin Kebbi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ciwon Alzheimer ba, amma akwai abin da ke rage wahala. Wanda yake kwana da tsohon shi ya kamata ya raka shi, ya kuma tafi da dukan magungunan da yake sha, na kemis da na gargajiya, likita ya gani.