Wai Gyara Ɗakin Talaka Ɓarnar Kuɗi Ce?

A shekarar 1976, bayan tsadar mai ta 1973 ta girgiza Amurka, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin gyara gidajen talakawa domin rage musu kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki. Ma'aikacin shirin yakan kafa babbar fanka a bakin ƙofa ta zuƙe iskar gidan, ya bi bango da taga yana neman inda sanyi ke kurɗawa, ya toshe, sa'an nan ya hau rufi ya shimfiɗa abin da ke tsare ɗumi. Talaka ba ya biyan ko anini. Gidaje fiye da miliyan 7 sun amfana.

Duk da haka, gwamnatin Bush a 2008 da ta Trump a 2017 sun nemi a soke kuɗin shirin, wai tsimi suke yi. Tsimin me? Tsohuwar da ke rasa na magani saboda kuɗin gas a tsakiyar hunturu, ba ita ta wawashe baitulmali ba. Majalisa ta ƙi, kuma ta yi daidai.

Ɗan Arewa da ke haya a Agege ko Sabo ta Badun, ƙarƙashin kwano marar silin, nasa ciwon zafi ne: fanka da janareta ke cinye cinikinsa, balle tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Silin da taga aikin kafinta ne na kwana biyu, amma mai gidan haya ya yi kunnen uwar shegu, tun da ba shi ke sayen man ba.